Daidaita Gaurin Iska da Fetur Bayan Sauya Salansar Babur: Nazari Daga Kafanchan da Kudancin Kaduna

Tsakure

Wannan takarda ta duba abin da ke samun gaurin iska da fetur idan aka cire wa babur salansar kamfani aka ɗaura masa wata, bisa la'akari da irin baburan da ke aiki a Kafanchan da kewayenta. An bi hanyar lissafi kan ƙa'idojin gudanar iska da masana suka riga suka tabbatar, aka gwama tasirin salansa da na tsayin ƙasa, da na yanayin shekara, da na matse kafireta da ake yi don rage shan mai. Matsayin takardar shi ne, a ƙaramin inji mai mataki huɗu, da wuya salansa ita kaɗai ta tsinka gauri har inji ya lalace. Ɓarna tana zuwa ne idan sabuwar salansa ta tarar da kafiretar da aka riga aka matse. Saboda haka ƙara girman jet, wanda shi ne abin da aka fi gaggawar yi, ya kamata ya zo a ƙarshen aiki.

1.0 Gabatarwa

Kafanchan ta tashi ne a matsayin mahaɗar jiragen ƙasa, tun da layin dogo daga Fatakwal ya ratsa ta zuwa Kaduna, reshen Jos kuma ya ɓalle daga nan a 1927. A yau jirgi ya ja baya, kuma abin da ke haɗa garin da ƙauyukan Jema'a, Kaura, Jaba, Zangon Kataf da Sanga, bayan an sauka daga kwalta, shi ne babur. Shi ke kai fasinja Kagoro da Zonkwa, shi ke fito da buhunan citta daga gonakin Kwoi da Kachia, shi ke kai mai naƙuda asibiti cikin dare. Mafi yawan waɗannan babura ƙanana ne masu silinda ɗaya, girman injinsu tsakanin cc 100 da 150, iska ce ke sanyaya su, kafireta kuma ke ba su mai. Bajaj Boxer, TVS, Haojue, Jincheng da Honda su ne sunayen da aka fi gani a jikin tankunansu.

Salansa tana cikin kayan da ba sa daɗewa a wannan yanki. Damina mai tsawo, daga Afrilu zuwa Oktoba, tana cinye ta da tsatsa, duwatsun hanyoyin karkara kuma suna lotsa ta daga ƙasa. Idan ta mutu, mai babur yana da zaɓi uku: ya sayi ta kasuwa wadda aka kwaikwayi ta kamfani, irin da ke shigowa ta Nnewi da Onica, ko ya kai wa mai walda ya tsaga tsohuwar, ya zubar da shingayen cikinta da suka ruɓe, ya like, ko, idan matashi ne mai son a ji wucewarsa, ya ɗaura buɗaɗɗiya mai ƙara. Duk ukun suna sauya yadda hayaƙi ke fita, kuma tambayar da ke biyo baya a gareji ita ce ko sai an taɓa kafireta.

Manufar takardar ita ce amsa wannan tambaya da lissafi, tare da ba da tsarin aikin da bakanike zai iya bi ba tare da na'urar awon hayaƙi ba. An yi amfani da kalmar gauri don rabon iska da fetur da ke shiga silinda. Wanda mai ya yi masa kaɗan an kira shi tsinkakke, wanda mai ya yi masa yawa an kira shi kakkaura, kamar yadda ake faɗa wa kunu.

2.0 Bitar Ra'ayoyin da Suka Gabata

Ana iya raba abin da aka faɗa kan wannan batu gida uku.

Na farko shi ne ra'ayin gareji, wanda ake ji daga Panteka ta Kaduna har garejin Amurka, cewa inji yana buƙatar salansa ta riƙe masa hayaƙi, idan ba haka ba bawul zai ƙone. Wannan magana ta fito daga abin da ido ya gani: an buɗe salansa, inji ya rasa ƙarfi a ƙasa, daga baya bawul ya ƙone. Abin da aka gani gaskiya ne, fassarar ce ta kauce. Duk matsin da ya tsaya a bakin bawul ɗin fita aiki ne da fistin zai yi asararsa wajen tura hayaƙi, kuma babu injin da ke amfana da hakan.

Na biyu shi ne ra'ayin masana igiyar matsi. Philip Smith, a littafinsa na 1962 kan tsara bututun shaƙa da na fitarwa, ya nuna cewa hayaƙi yana fita ne bugu-bugu, kowane bugu kuma yana aika igiyar matsi da ke tafiya cikin bututu ta dawo. Tun kafin nan Walter Kaaden na kamfanin MZ a Jamus ta Gabas ya yi amfani da wannan a aikace, har zuwa 1961 injinsa mai cc 125 ya ba da ƙarfin doki 25, mafi yawan sirrin kuwa yana cikin siffar salansar. Gordon Blair na Jami'ar Queen's da ke Belfast ya mayar da batun lissafin kwamfuta a littattafansa na 1996 kan inji mai mataki biyu da na 1999 kan mai mataki huɗu. Abin da wannan rukuni ya tabbatar shi ne, tsawon bututu da faɗinsa ne ke yanke lokacin da igiya za ta dawo, lokacin dawowarta kuma shi ke yanke ko za ta taimaki inji ko ta cuce shi.

Na uku shi ne ilimin ƙonewa, wanda John Heywood na MIT ya tattara a littafinsa na 1988. Daga nan aka samo alƙaluman da takardar ta dogara a kansu: fetur yana ƙonewa daidai a kan kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na mai ta fuskar nauyi. Ƙarfi mafi girma yana samuwa wajen 12.5 zuwa 13. Tattalin mai mafi kyau kuma yana can sama da 15.

Giɓin da ke cikin waɗannan ayyuka, idan aka kawo su Kudancin Kaduna, shi ne duk sun ɗauka inji yana kan saitin kamfani kafin a taɓa salansar. Jagororin masu sayar da salansa a Turai da Amurka ma a kan manyan babura aka rubuta su, waɗanda ake hawa don nishaɗi. Babur mai cc 100 da ke ɗauke da mutum uku ko buhu biyu a hawan Kagoro yana cikin wani hali dabam.

3.0 Hanyar Nazari

Nazarin na lissafi ne, kuma an gina shi kan ƙa'idoji uku. Ta farko, a kafireta mai sauƙi, man da ke fita daga jet yana bin tushen murabba'in faɗuwar matsi a maƙogwaron kafireta, iskar da ke wucewa kuma tana bin tushen murabba'in wannan faɗuwar haɗe da nauyin iskar kanta. Sakamakon haka, rabon gauri yana sauyawa daidai da tushen murabba'in nauyin iska. Ta biyu, man da jet ke bayarwa yana bin girman raminsa, wato murabba'in faɗin ramin. Ta uku, igiyar matsi tana tafiya cikin salansa da saurin sauti a cikin hayaƙi mai zafi, wanda ke tsakanin mita 500 da 600 a daƙiƙa.

An ɗauki tsayin Kafanchan a kan kimanin mita 740 daga matakin teku, na Jos a kan kimanin 1,200, na Legas a kan sifiri, aka fitar da matsin iska bisa ma'aunin sararin samaniya na duniya. Lambobin jet da na zafin rana da suka zo a misalai an zaɓe su ne don nuna girman tasiri. Lambar da ta dace da kowane babur tana cikin littafin kamfaninsa.

4.0 Nazari

4.1 Abin da salansa ke sauyawa

A inji mai mataki huɗu akwai ɗan lokaci, a ƙarshen fitar hayaƙi da farkon shaƙa, da bawul biyu suke buɗe tare. Ta wannan ƙofa ce kaɗai salansa ke iya magana da kafireta. Idan bawul ɗin fita ya buɗe, igiyar matsi tana fita da gudu, in ta isa inda bututu ya buɗe cikin tukunyar salansa sai ta juyo a matsayin igiyar zuƙa. In ta iso bakin silinda daidai lokacin da bawul biyun ke buɗe, za ta janye ragowar hayaƙi ta jawo sabon gauri. In kuwa ta iso da wuri, ta sake komawa ta juyo a matsayin igiyar turi, to ita ce za ta tarar da ƙofar a buɗe, ta mayar da hayaƙi cikin silinda har wani ya leƙa bututun shaƙa.

A ɗauki bututu mai tsawon santimita 80. Zuwa da dawowa mita 1.6 ne, wanda igiya mai saurin mita 550 a daƙiƙa za ta cinye cikin kusan kashi 3 cikin 1,000 na daƙiƙa. Idan inji na juyawa sau 6,000 a minti, karanshaf zai yi digiri 105 a wannan lokaci. Idan sau 3,000 ne, digiri 52 kawai zai yi. Ke nan bututu ɗaya ba zai dace da kowane gudu ba. Kamfani yana zaɓar tsawo da faɗin da za su ba da ƙarfi a ƙasa da tsakiya, inda mai ɗaukar kaya ke zaune. Mai walda da ya gajarta bututu, ko ya sa wanda ya fi faɗi, ya matsar da wurin dacewar zuwa sama, inda ɗan achaɓa ba ya zuwa sai jefi-jefi. Rashin ƙarfin da ake ɗora wa rashin riƙon hayaƙi daga nan yake fitowa.

Abin da ya fi muhimmanci ga gauri shi ne, kafireta ba ta san inda iska ta dosa ba. Duk iskar da ta ratsa maƙogwaronta, ko shiga take ko fita, sai ta ɗebi mai. Idan igiyar turi ta mayar da gauri baya, sannan inji ya sake zuƙo shi, iska ɗaya ta ɗebi mai fiye da sau ɗaya. Don haka a gudun da sabuwar salansa ba ta dace ba, gauri yana iya yin kauri, inji ya riƙa tari da baƙin hayaƙi, alhali a gudun da ta dace ya ɗan tsinke. Salansa ba ta ɗaga gauri gaba ɗaya zuwa gefe guda; tana lanƙwasa shi ne, nan kauri can tsinkewa. Bakaniken da ya ji tari a tsakiyar totur ya ce salansa ta buɗe, sai a ƙara jet, ya ƙara wa kakkauran wuri kauri.

A ƙananan baburan haya lokacin da bawul biyu ke buɗe tare gajere ne, ƙofofin iska ƙanana ne, kafireta da iyakilina su ne suka fi taƙaita numfashi. Ƙarin iskar da salansa kaɗai za ta kawo ba shi da yawa, kuma kafireta tana biyan wani kaso nasa da kanta, tunda ƙarin iska yana ƙara zuƙar mai. Abin da ya rage shi ne ɗan tsinkewa a saman totur da ƙarin zafi, saboda raguwar tsohon hayaƙin da a da yake sassauta ƙonewa. Inji mai saitin kamfani yawanci yana da tazarar da za ta shanye wannan.

4.2 Tsayin ƙasa da yanayin shekara

A mita 740 matsin iska ya gaza na bakin teku da kimanin kashi 8.5 cikin 100. Bisa ƙa'ida ta farko, gauri zai yi kauri da kimanin kashi 4. Baburin da ke ba da 13.5 a Legas zai ba da wajen 12.9 a Kafanchan idan zafin rana ɗaya ne, in kuma ya haura Hawan Kibo zuwa Jos ya koma wajen 12.6. Wannan kyauta ce da ƙasar ta ba mai babur: tazarar kashi 4 da bai saya ba, wadda a lokuta da dama ta isa ta rufe abin da salansar kasuwa ta buɗe.

Sai dai yanayi yana karɓe ta. Tsakanin azahar ɗin Maris mai digiri 34 da asubahin hunturu mai digiri 14, nauyin iska yana ƙaruwa da kashi 7, gauri ya tsinke da kusan kashi 3.5. Iskar hunturu kuma busasshiya ce, yayin da iskar damina mai digiri 30 da ta cika da laima take ɗauke da tururin ruwa kusan kashi 4, wanda ke mamaye gurbin oksijin. Ke nan saitin da aka yi a Agusta ya tsinke da kansa a Disamba ba tare da kowa ya taɓa sukuru ba. Disamba da Janairu kuwa su ne watannin kwasar citta da zirga-zirgar Kirsimeti da bikin Afan na Kagoro, lokacin da babur ya fi shan lodi.

Ƙurar hunturu tana ja ta ɗaya gefen. Iyakilina da ta toshe tana kaurara gauri, kuma nan ne ake yin kuskuren da ya fi kowanne tsada: a cire soson a jefar, ko a huda akwatin. Buɗe ɓangaren shaƙa yana tsinka gauri fiye da buɗe salansa nesa ba kusa ba, domin yana rage zuƙar da ke kan jet kai tsaye, ban da ƙurar da ke shiga ta cinye ringi.

4.3 Kafiretar da aka riga aka matse

Ranar 29 ga Mayu, 2023, aka sanar da janye tallafin fetur. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000 a wurare da dama. Ga wanda ke ba mai babur balas kullum, abin da ya rage masa bayan sayen mai shi ne abincin gidansa. Roƙon da bakanizai suka saba ji, wato "Oga, a rage mini shan mai", ya zama babban aikin gareji. Hanyoyin biyan wannan roƙo sanannu ne: a juya sukurun gauri zuwa tsinkewa, a sauke allura mataki ɗaya ko biyu, a lanƙwasa harshen fulot don man da ke kwano ya ragu, wani lokaci a sa ƙaramin jet.

Wannan ba aikin jahilci ba ne, domin lallai tattalin mai yana gefen tsinkewa. Matsalar ita ce inji mai sanyin iska yana amfani da rarar mai wajen sanyaya kansa idan aka buɗe totur. Zafin ƙonewa yana kai ƙololuwa a kusa da 14.7, kuma a nan ne inji ya fi saurin ƙwanƙwasa idan yana jan nauyi. A hawa mai tsawo, da giya ta biyu, gudun babur ya ragu, iskar da ke bugun silinda ta ragu, zafi kuma ya ƙaru. Fistin na alminiyam yana fara rasa ƙarfinsa tun kafin ya kai inda zai narke, bawul ɗin fita kuma mafi yawan zafinsa ta zamansa a mazauninsa yake hucewa.

Idan aka tara alƙaluman, hoton ya fito. Inji ya fara da 12.9 a Kafanchan. An matse shi da kashi 8 don tattali, ya koma 13.9. Asubahin hunturu ta ƙara kashi 3.5, ya kai 14.4. Salansar da aka zubar wa shingaye ta ƙara ko da kashi 3 ne, ya kai 14.8. Babu ɗaya daga cikin matakan nan da ya isa ya kashe inji shi kaɗai, amma jimlarsu ta ajiye shi daidai inda zafi ya fi tsanani. Da yake salansa ce aka sauya a ƙarshe, ita ake zargi.

Ingancin mai ma yana shiga lissafin. A Fabrairun 2022 hukumar kula da harkar fetur, NMDPRA, ta tabbatar da shigowar fetur mai yawan methanol, kuma duk man da ke ɗauke da irin wannan sinadari yana tsinka gauri, tunda yana buƙatar iska kaɗan kafin ya ƙone. Man kwalba na 'yan bumburutu, wanda shi ake samu a ƙauyuka da yawa, yakan zo da datti ko ruwa da ke rage ramin ƙaramin jet.

4.4 Karanta alamomi

Fashe-fashen da salansa ke yi idan aka saki totur shi ne alamar da aka fi yi wa mummunar fassara. Sau da yawa iska ce ke shiga ta gaskit ɗin wuyan salansa, wanda aka mayar da tsohonsa ko aka manta shi, sai ta haɗu da ragowar mai ta kama wuta. Wasu baburan ma kamfani ne ya sa musu bututun da ke shigar da iska cikin hayaƙi don rage guba, tsohuwar salansa tana ɓoye ƙarar, sabuwa ta bayyana ta. Fashewa kaɗai ba ta zama hujjar ƙara mai ba.

Alamomin tsinkewa da za a dogara da su su ne: silo ya riƙa ratayewa a sama kafin ya sauko bayan an saki totur, inji mai zafi ya ƙara lafiya idan aka ɗan ja cok, a ji ƙwanƙwasa kamar ta tsakuwa a hawa. Na kauri kuwa su ne baƙin hayaƙi, warin ɗanyen mai, kunnuwa da safe ba tare da cok ba ko a hunturu, da tari mai nauyi da ke ƙaruwa idan inji ya yi zafi.

Duba launin fulogi yana da amfani, amma da sharaɗi. Ƙa'idar launin ƙasa-ƙasa ta samo asali ne daga zamanin fetur mai dalma. Man yanzu ba ya rina fulogi haka, har sabon fulogi yana iya zama fari a kan gauri mai kyau. Bugu da ƙari, fulogin da aka cire bayan babur ya yi silo a bakin gareji labarin silo kawai zai bayar. Don a karanta babban jet, sai an kashe inji yana cikin cikakken totur, an kama kulocin nan take, sannan a cire.

4.5 Tsarin daidaitawa

Kafireta mai silaid tana da ɓangarori da suke karɓar aiki daga juna gwargwadon buɗewar totur, ba gwargwadon gudu ba. Ƙaramin jet da sukurunsa suna riƙe da silo zuwa kusan rubu'in totur, allura tana riƙe da rubu'i zuwa rubu'i uku, babban jet kuma daga nan zuwa ƙarshe. Yana da kyau a yi wa hannun totur alama da fenti a waɗannan wurare, don a san wane ɓangare ne ke magana.

Kafin a taɓa ko ɗaya, sai an mayar da inji kan tushe: sabon gaskit a wuyan salansa, robar da ke tsakanin kafireta da silinda ba ta tsage ba, iyakilina a wanke tana wurinta, tazarar bawul daidai, kwanon kafireta a tsabtace, fulot a tsayin kamfani, allura a matakinta na asali. Bawul da ya matse yana ƙonewa ko gauri na daidai, kuma yana kwaikwayon alamomin tsinkewa. A ganin wannan takarda, yawancin baburan da aka sa wa salansar kasuwa mai shingaye a ciki aikinsu ya ƙare a nan.

Idan alama ta saura, a fara da sukuru bayan inji ya yi zafi sosai. Wajibi ne a san irinsa: wanda ke gefen iyakilina iska yake bayarwa, kwance shi yana tsinka gauri, wanda ke gefen inji mai yake bayarwa, kwance shi yana kaurarawa. A juya shi rubu'i-rubu'i har silo ya kai mafi tsayi da daidaito, sannan a sauke silo da sukurun silaid. Idan sukurun mai ya wuce juyi uku a waje kafin a samu haka, ƙaramin jet ya yi ƙanƙanta.

Sai allura, wadda ita ce ta fi shafar ɗan achaɓa, domin tsakanin rubu'i da rabin totur yake wuni. Sauke ƙugiyar allura mataki ɗaya yana ɗaga allurar, gauri ya yi kauri. Ɗaga ƙugiyar yana tsinka shi. Inda allura ba ta da matakai, wosha mai kaurin rabin milimita a ƙarƙashin kanta tana ɗan ɗaga ta. A tuna da abin da sashe na 4.1 ya nuna, cewa tarin tsakiya yana iya zama na kauri, don haka a gwada gefe biyun, ɗaya bayan ɗaya, a kan hanya guda da lodi guda.

Babban jet shi ne na ƙarshe, kuma a nan ƙa'ida ta biyu take da nauyi. A tsarin Keihin lambar jet tana nufin faɗin rami, 80 na nufin milimita 0.80. Daga 80 zuwa 82 ƙarin mai kashi 5 ne, zuwa 85 kashi 13, zuwa 90 kusan kashi 27. Injin da ke kan 14.5 zai sauko 13.8 da jet 82, 12.8 da 85, 11.5 da 90, inda ƙarfi ya fara raguwa, mai na wanke baƙin mai daga jikin silinda, iskar guba ta kabon monoksaid kuma ta ninka. Wannan ya nuna haɗarin faɗaɗa jet da allurar ɗinki ko zaren waya: kashi 5 cikin 100 na milimita, wanda ido ba ya gani, ya riga ya zama kashi 13 na mai, ramin kuma ya rasa siffarsa. Wasu jet na Mikuni ana ƙidaya su ne da yawan man da ke wucewa, saboda haka lambobin kamfanonin biyu ba sa musanyuwa.

Gwajin babban jet yana buƙatar hawa mai tsawo da babu cunkoso. A buɗe totur duka a giya ta sama, sannan a ɗan rage shi kaɗan. Idan babur ya ƙara zabura a wannan ragin, jet ya yi ƙanƙanta, a hau mataki ɗaya. Tunda asubahin hunturu ce mafi tsinkewa a shekara, saitin da aka yi a damina ya kamata a bar masa ɗan kauri, haka ma baburin da ke yawan gangarawa Gwantu da Akwanga, inda ƙasa ta fi sauka.

Ga mai son tattalin mai, hanyar da ba ta cin inji ita ce a bar tsinkewar a ƙaramin jet da ƙasan allura, inda nauyi ba shi da yawa, a bar babban jet da kaurinsa. Lanƙwasa fulot yana tsinka dukkan ɓangarorin lokaci ɗaya, shi ya sa ya fi kowace hanya illa.

4.6 Inji mai mataki biyu da mai injekta

Duk abin da aka faɗa kan ƙarancin tasirin salansa bai shafi inji mai mataki biyu ba, irin Jincheng AX100 da tsofaffin Suzuki da Yamaha da suka rage. A cikinsu babu bawul, salansa ce ke janye hayaƙi kuma ita ke mayar da sabon gaurin da ya tsere, don haka sauya ta ko ƙona ta da wuta don fitar da baƙin da ya toshe ta yana buƙatar a sake duba jet nan take. Inda aka cire famfon baƙin mai aka koma zuba shi a tanki, ƙara yawansa yana rage fetur ɗin da ke ratsa jet, gauri ya ƙara tsinkewa.

Babura masu injekta ba su yawaita a yankin ba tukuna, ko da yake dokar hayaƙi ta BS-VI da Indiya ta fara aiki da ita a Afrilun 2020 ta tura masana'antun can ga wannan fasaha. A irinsu na'urar sansano oksijin da ke jikin salansa tana gyara gauri a silo da matsakaicin gudu, amma a cikakken totur kwamfutar inji tana bin jadawalin da aka rubuta don salansar asali. Salansar da ba ta da mazaunin na'urar, ko mai yoyon iska a gabanta, za ta sa kwamfutar ta karanta tsinkewar ƙarya ta riƙa zuba mai, kuma babu sukurun da bakanike zai juya ya gyara wannan.